Carissimi, Scarlatti ko Vivaldi: da wane oratoriyo za ka fara?

A birnin Roma na ƙarni na 17, da zarar azumin Kirista na kwana arba'in ya kama, sai a garƙame gidajen wasa. Ba opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, ba rawa, sai an yi Ista. Amma kunnen da ya saba da zaƙi ba ya ɗaukar azumi. Mutanen gari sai su nufi ɗakunan addu'a, inda ake ɗauko labari daga littafin addini a raba wa mawaƙa matsayi, wannan uba, wannan 'yarsa, wancan Shaiɗan, su tsaya wuri ɗaya su rera shi, ba kayan wasa, ba kai da kawo a dandali. Ɗakin addu'ar shi ake kira oratoriyo, sannu a hankali sunan ɗaki ya zama sunan waƙar da ake yi a cikinsa.

Tushen abin na komawa ga wani limami, Filippo Neri, wanda ya saba tara jama'a ana wa'azi ana waƙoƙin yabo da harshen da kowa ke ji. Fafaroma ya amince da ƙungiyarsa a 1575. A watan Fabrairu na 1600, a harabar cocinsu da ake kira Chiesa Nuova, aka gabatar da wasan Emilio de' Cavalieri inda Rai da Jiki ke gardama cikin waƙa daga farko har ƙarshe. Shi wannan da tufafin wasa aka yi shi, har da rawa, shi ya sa har gobe masana ke ja-in-ja kan ko opera ne ko oratoriyo. A shekaru ɗari da ɗoriya da suka biyo baya an rubuta ɗaruruwa.

Wanda ya shigo sabo, sunaye uku zai yi ta cin karo da su: Jephte na Giacomo Carissimi, Il primo omicidio na Alessandro Scarlatti, da Juditha triumphans na Antonio Vivaldi. Ni dai tun daga nan zan faɗi matsayina, da Jephte za a fara. Sai dai akwai mutumin da sauran biyun suka fi dacewa da shi, kuma kowannensu na da wani abu da gara a san shi kafin a danna.

Jephte: minti ashirin da 'yan kai

Carissimi ya shekara arba'in da biyar yana shugabantar mawaƙan cocin Sant'Apollinare a Roma, daga 1629 har ya mutu a 1674. Ya rubuta Jephte kafin 1650, domin a wannan shekarar malamin nan Athanasius Kircher ya buga wani ɓangare na amshinsa na ƙarshe, wato waƙar da taron mawaƙa ke rerawa tare, a littafinsa, a matsayin misalin yadda sauti ke juya zuciya. Da Latin aka rubuta shi, irin wanda aka saba yi a ɗakin addu'ar Santissimo Crocifisso a ranakun Juma'a na azumi, inda masu ilimi da 'yan boko na wancan zamani ke taruwa.

Labarin daga Littafin Mahukunta ne, sura ta 11. Yefta, wato Jephte, zai fita yaƙi da Ammonawa, sai ya yi wa'adi cewa in ya ci nasara, duk abin da ya fara fitowa daga ƙofar gidansa don taryarsa zai miƙa shi hadaya. Ya ci yaƙi. Wadda ta fara fitowa, da ganga da rawa, ita ce 'yarsa tilo.

Kayan kiɗa kusan babu. Ogan ne, ko wani molo mai dogon wuya, da babban goge mai ƙasa-ƙasa da ke riƙe gindin sauti. Duk nauyin a kan makogwaro yake. Akwai mai ba da labari, kamar mai tatsuniya, wani lokaci mutum ɗaya, wani lokaci biyu, wani lokaci taron gaba ɗaya. Yaƙin da kansa da baki ake yin sa, mawaƙa na jefa wa juna kalmomin "ku gudu, ku ja da baya" da sauri da sauri har ka ji kamar ƙura ta tashi. Cikin minti kaɗan an gama, an shiga murna.

Wurin da nake so mai sauraro ya kasa kunne shi ne inda uban ya ɗaga ido. Yarinya ta gama waƙar nasara, 'yan amshi sun karɓa, sauti na sama yana walƙiya. Sai mai ba da labari ya ce Yefta ya ga 'yarsa, ya yayyage tufafinsa. A daidai nan launin sautin gaba ɗaya ke juyawa, kamar hadari ya rufe rana ana tsakiyar shanya. Abin da Kircher ya yaba ke nan. Uban ya ce kaitona 'yata, kin yaudare ni, ke ma an yaudare ki. Ita kuma ta tambaye shi, cikin murya marar hayaniya, ta yaya na yaudare ka baba? Wannan 'yar tambayar ta fi kukan da ya biyo baya taɓa ni. Da ta ji bayani ba ta yi gardama ba, wata biyu kawai ta roƙa ta hau duwatsu da ƙawayenta ta yi makokin mutuwa ba aure ba haihuwa.

Makokin nata kashi-kashi yake, kuma ƙarshen kowane kashi wasu muryoyi biyu na maimaita kalmarta ta ƙarshe, su ne amsa-kuwwar duwatsu. Na fara jin sa ne wani dare da aka ɗauke wuta, da abin sauraro a kunne, sai da na cire ɗaya na waiga, na ɗauka wani ne ke amsawa a tsakar gida. Daga nan muryoyi shida su shigo da amshin ƙarshe, ku yi kuka 'ya'yan Isra'ila. Muryoyin na gogar juna da gangan, ɗaya ta riƙe sauti ta ƙi saki har sai ta yi karo da ta kusa da ita, sannan ta sauko a hankali. Carissimi bai nuna yankan ba. A kukan ya tsaya. Handel, Bajamushen nan mai tsara waƙoƙi, bayan kusan shekara ɗari, ya ɗebi wannan amshi ya gina wani a kansa a cikin oratoriyonsa mai suna Samson.

Aibinsa? Wanda ya zo neman karin waƙar da zai tashi yana rerawa a banɗaki, ba lalle ya samu ba. Mafi yawansa magana ce da aka ja ta zama waƙa, kuma in ba ka san me ake faɗi ba, minti goman farko za su wuce ka. Maganin wannan mai sauƙi ne, karanta sura ta 11 daga aya ta 29 zuwa ƙarshe kafin ka kunna. Kalmomin ba su yi nisa da nassin ba.

Il primo omicidio: labarin da kowa ya sani

Ma'anar sunan ita ce kisan kai na farko. Scarlatti, haifaffen Palermo a 1660, ya gabatar da shi a birnin Benis, wato Venice, a farkon 1707, da Italiyanci, kalmomin kuma na Antonio Ottoboni ne, mahaifin wani kadinal, babban limamin Katolika, mai ɗaukar nauyin mawaƙa. Tsakanin wannan da Jephte kusan shekara sittin ne, kuma a cikinsu oratoriyo ya canza kama. Mai ba da labari ya ɓace. 'Yan amshi sun ɓace. Abin da ya rage mutum shida ne da taron masu goge: Adamu, Hauwa'u, 'ya'yansu biyu, Muryar Allah da Muryar Iblis. Kashi biyu ne, domin a al'adar oratoriyo tsakanin kashi da kashi ake wa'azi, ko kuma a gidan attajiri a zagaya da abin sha. Gaba ɗaya ya haura awa biyu.

Ƙarfinsa ga Bahaushe shi ne ba ya buƙatar dogon bayani. Kirista ya san Kayinu da Habila daga Farawa sura ta 4, Musulmi ya san ƙissar 'ya'yan Adamu biyu a Suratul Ma'ida. Biyu sun yi hadaya, an karɓi ta ɗaya, hassada ta shiga. Ottoboni Farawa ya bi, saboda haka kada a jira hankakan da ya koya wa mai kisa tono kabari, ba ya ciki. Ya kuma ƙara nasa, ya shigo da Iblis yana zuga, ya sa muryar Habila ta dawo bayan mutuwa tana lallashin iyayensa.

A nan ne za ka haɗu da abin da ake kira ariya, wato waƙar mutum ɗaya da ke tsayar da labari cik don a zauna da abin da ke cikin zuciya. Tsarinta ɗaya ne kusan ko yaushe: a yi kashi na farko, a yi na biyu mai ɗan bambanci, sai a koma na farko mawaƙi na ƙara masa ado. Wanda ya saba da amshi a waƙar Hausa maimaici ba baƙonsa ba ne. Bambancin shi ne a nan kana ɗokin ka ji abin da zai faru, su kuma sun ce sai an sake zagayowa. In ka yi haƙuri da ariya biyar na farko, kunnenka zai daina ƙirga maimaicin ya koma neman abin da mawaƙi zai sauya.

Scarlatti gwani ne wajen ba kowa fuskarsa. Iblis da babbar murya ta ƙasa yake, yana tsalle daga sauti zuwa sauti, ga fara'a ga daɗin baki, irin dillalin da ba ya taɓa ɗaga murya. Hauwa'u ita ta fi ɗaukar nauyi, tun kafin a yi kisan tana ganin laifinta a kan 'ya'yanta. Amma abin mamaki shi ne yadda ya tausaya wa mai kisan. Kafin ya aikata, 'yan'uwan biyu na waje, babban na tambayar me ya sa ƙorama ke gunaguni, ƙaramin na ba shi amsa da zuciya ɗaya, goge na kwaikwayon gudun ruwa, kai da ke sauraro ka san abin da ke tafe, Habila bai sani ba. Kisan kansa kayan kiɗa ne ke yin sa, bugu bayan bugu. Bayan an yanke masa hukuncin yawo a duniya, Kayinu ya yi wa iyayensa ban kwana da waƙar da ba za ka iya tsanarsa a cikinta ba.

Ga abin da ya kamata a sani tun da wuri. A cikin wannan aiki akwai mawaƙin da ke rera kalmomin da aka jingina wa Allah, da murya siririya ta sama, kuma Annabi Adamu na magana a matsayin ɗan wasa. Ƙarshensa ma albishir ne na zuwan mai ceto bisa aƙidar Kirista. Musulmi da yawa ba za su so wannan ba, kuma ba sai an yi wa kowa dogon turanci ba, kowa ya san inda iyakarsa take. Jephte ba shi da wannan, a cikinsa mutane ne kawai ke magana da kuka.

Wanda ya zaɓe shi ya nemi faifan da jagoran makaɗa René Jacobs ya yi a ƙarshen shekarun 1990, shi ya dawo da aikin idon duniya. A 2019 an sa shi a dandalin opera na Faris da tufafi da komai, abin da mutanen 1707 ba su yi ba. Na fi son a fara da ji kafin kallo.

Juditha triumphans: bikin kayan kiɗa

Vivaldi ya rubuta oratoriyo huɗu, wannan kaɗai ya tsira. An yi shi a Nuwamba 1716 a Ospedale della Pietà, gidan renon yaran da aka tsinta a Benis, inda ya fara koyar da goge tun 1703. 'Yan matan gidan su ne mawaƙa, su ne makaɗa, suna rerawa daga bayan wani shinge mai raga ba a ganin fuskokinsu sosai. Saboda haka duk matsayi biyar ɗin mata ne suka yi, har da Holofanis, babban kwamandan Assuriyawa. A Roma ta wancan zamani abin akasin haka yake, mace ba ta waƙa a coci, muryar sama ta yara maza ce ko ta mazan da aka dandaƙe tun kafin su balaga.

Labarin daga Littafin Yudit ne, wanda ke cikin Baibul na Katolika amma babu shi a na mafi yawan sauran ɗarikun. An kewaye garin Betuliya da yaƙi, wata bazawara ta shiga sansanin abokan gaba, kwamanda ya kamu da sonta, ya sha ya bugu ya yi barci, ta sare masa kai. A gaskiya labarin bai cika awa biyu da rabi ba, Vivaldi ne ya cika shi da sauti.

Kuma ya cika shi. Kusan duk abin busa da na kaɗawa da ke cikin ma'ajiyar gidan sai da ya fito da shi. An buɗe da kakaki da tambura. Akwai waƙar da Yudit ke yi kan shuɗewar ƙuruciya, wani ɗan ƙaramin molo da ake kira mandolin na tsinkar sauti ɗaya-ɗaya kamar agogo. Akwai wadda take kiran baiwarta ta biyo ta, wani abin busa mai laushi, kakan kilarinet, na kukan kurciya a bayanta. Akwai wuri da molaye huɗu masu dogon wuya ke kaɗawa tare ana shirya liyafa. Sannan da bawan kwamanda ya shiga tanti ya tarar da gawa ba kai, sai ya ɓarke da waƙar fushi mai gudu kamar an kunna wa ciyawa wuta. In burinka ka ji daɗin kunne nan take, ba tare da ka san kalma ɗaya ta Latin ba, wannan ya fi sauran biyun nesa ba kusa ba. Faifan Alessandro De Marchi, inda Magdalena Kožená ta yi Yudit, ya wadatar.

Matsalarsa biyu. Ta farko, da yake muryoyin duka na mata ne kuma uku daga ciki na ƙasa-ƙasa ne, sabon kunne kan rasa gane waye ke magana, Yudit ce ko mutumin da za ta kashe. Ta biyu ta fi nauyi. Waƙar siyasa ce da rigar addini. A watan Agusta na wannan shekarar Benis ta kori rundunar Daular Usmaniyya daga tsibirin Korfu, kuma marubucin kalmomin, Giacomo Cassetti, bai ɓoye nufinsa ba: Yudit ita ce Benis, Holofanis kuwa Turkawa. Waƙar nasarar yaƙi ce a kan daular Musulmi. Bayan shekara ɗari uku ana iya jin ta a matsayin tarihi, amma gara mutum ya shiga da saninsa.

Ni kaina, duk da zaƙinsa, ban taɓa jin tausayin kowa a cikinsa ba. Ina sha'awar gwanintar, ina tafi a zuci, in an gama in tashi yadda na zauna.

Biyu da na tsallake

San Giovanni Battista na Alessandro Stradella, wanda aka yi a Roma a 1675, yana tsakanin Carissimi da Scarlatti a zamani da kuma tsayi, bai kai awa ɗaya da rabi ba. Labarin kisan Yahaya mai baftisma ne, kuma yana ƙarewa da sarki Hirudus da yarinyar da ta nemi kan suna waƙa tare, ita tana murna shi yana nadama, a tsaya a kan tambayar "me ya sa?" ba a rufe sautin ba. Wanda ya gama Jephte yana neman mataki na gaba, nan zan tura shi kafin Scarlatti. Shi Stradella kashe shi aka yi a Genoa a 1682.

La resurrezione kuwa na Handel ne, Bajamushe, amma a Roma ya rubuta shi da Italiyanci yana ɗan shekara 23, aka yi shi ranar Ista ta 1708 a gidan attajiri Ruspoli, shahararren mai goge Corelli na jagorantar makaɗa. Mace ce ta rera Maryamu Magadaliya a daren farko, labari ya kai kunnen Fafaroma, aka sauya ta da namiji. Yana da daɗi ƙwarai, sai dai ya fi kama da opera da ta sa hular liman.

In rerawa za a yi

Duk abin da na faɗa a sama na mai sauraro ne. In kuwa malamin mawaƙa ne a coci ko makaranta ke tunanin koya wa 'yan kwayarsa ɗaya daga ciki, zaɓin ma bai taso ba. Na Scarlatti ba shi da amshi ko ɗaya, ƙwararru shida yake nema da taron masu goge. Na Vivaldi na buƙatar kayan kiɗan da ko a Turai sai ƙungiyoyi na musamman ke da su. Jephte kuwa da makaɗin ogan ɗaya ya tashi, rubutun sautinsa na nan kyauta a intanet, a IMSLP da CPDL, kuma furucin Latin bai yi wa bakin Bahaushe wuya ba, wasulansa biyar ne kamar namu. A saurari faifan John Eliot Gardiner don jin yadda babbar ƙungiya ke ɗaukarsa.

Wahalar biyu ce. Muryoyin sama kashi uku ake raba su, ba ɗaya ba kamar yadda aka saba, kuma kowane kashi sai ya iya riƙe sautinsa lokacin da na kusa da shi ke gogarsa. Mawaƙan da suka saba da sautuka masu jituwa kan ɗauka kuskure suka yi, su zame su koma inda ya fi daɗi, sai armashin ya tafi. Sai an yi ta nanata musu cewa karon da gangan ne. Ta biyu ita ce 'yar Yefta. Ana buƙatar yarinya mai murya tsaftatacciya da dogon numfashi, wadda za ta iya tsayawa ita kaɗai minti biyar ko shida ba abin da ke rufa mata asiri sai ogan. In ba a same ta bana ba, a ɗauki amshin ƙarshe shi kaɗai a fara da shi. Bai wuce minti biyar ba, kuma ƙungiyoyi da yawa haka suke rera shi.